Majinyaciyar Kaka Dispensa

Duk wanda ya taɓa gaisawa da kakana Ishaya, wanda Gozaki kaf ke kira Dispensa, ya san gaisuwar ba a hannu take ƙarewa ba. Kafin ka rufe baki da "ina kwana", yatsansa ya ja fatar idonka ƙasa. Ya leƙa, ya girgiza kai: "Ba jini. A riƙa cin zogale." Fasto bai tsira ba, mai unguwa bai tsira ba. Ni kam ranar aurena ma sai da ya ɗaga mayafi ya duba! Shekara da shekaru ya yi yana aiki a ɗakin shan magani na mishan. Aka yi masa ritaya, amma hannun bai ji sanarwar ba. Da mutane suka koma asibitin gwamnati, sai ya koma wa kaji.

Kajin ma na matarsa ne, marigayiya Kaka Saratu. Bayan rasuwarta annoba ta share su, guda ta rage, wata 'yar wake-wake mai gajerun ƙafafu. Ita ce ta ƙarshe da Kaka Saratu ta watsa wa tsaki da hannunta.

Wata shekara, ana saura 'yan makonni Kirsimeti, na zo hutu daga Malumfashi inda nake koyarwa. Na tarar da Wake-wake a gindin rumbu, fukafukai a ƙasa, ido a lumshe, kamar mai jiran a yi mata ta'aziyya. Mamana ta ce a yi maza a kira Malam Idi kafin ta zama mushe. Kun dai san al'adar gidanmu: maƙwabcinmu Malam Idi ke mana yanka, don in an dafa maƙwabta Musulmi su ci hankali kwance.

Malam Idi ya shigo da wuƙarsa tana ƙyalli.

"Dispensa, an ce akwai aiki."

"Akwai kuwa. Riƙe mini ƙafafunta."

Bawan Allah ya riƙe, ya gyara tsugunno, yana shirin bisimilla. Sai ya ga tsoho ya zaro tabarau. Ya buɗe bakin kaza ya leƙa, ya ɗaga fiffike, ya hura gashin.

"Ka gan su? Kwarkwata. Kawo yatsanka, taɓa nan. Ka ji ƙashin ƙirji? Ya fi wuƙar nan taka kaifi. Kaza mai lafiya sai ka laluba kafin ka same shi."

Bai tsaya nan ba. Ya sa tsinke ya tona kashinta, mu muna toshe hanci shi yana murmushi kamar ya tsinci zinariya.

"Ga tsutsa! Ɓarayi biyu ke gare ta, na waje na shan jini, na ciki na cinye tuwo."

"To ai shi ya sa, Dispensa. A yanka tun da sauran numfashi."

"Haba, Malam Idi! A wane asibiti ka taɓa ganin an yanka majinyaci? An ba ta gado. Ba mai taɓa ta sai na sallame ta."

Haka Malam Idi ya zo yanka ya ɓuge da aikin nas.

Gadon kuwa kwandon wankin Mama ne, a ɗakinsa, kusa da nasa. Ya yi mata wanka da toka, ya ƙone shimfiɗar akurki, ya hau acaɓa har Danja ya sayo maganin tsutsa. Mutumin da in ka ce ya miƙo maka buta sai ya ce gwiwa, shi ne kullum da safe yake ɗaukar tukunya ya shiga gona neman gara, don a cewarsa gara ita ce naman kaji. Kokonsa ma rabawa yake da ita. Ran nan zakaran maƙwabta ya leƙo ɗakin, sai ji muka yi takalmi ya tashi sama.

"Fita! Ba lokacin ziyara ba ne!"

Abin da har gobe matan gari ba su daina ba da labari ba shi ne na ranar awo. Kaka ya ce ba a jinya da ka, sai da sikeli. Ya naɗe Wake-wake a tawul, ya tafi asibitin gari ya shiga layin masu jego ya zauna.

"Baba, jika aka samu?" in ji wata.

"Marainiya ce."

Sai marainiya ta turo kai ta ce ƙwak! Layi ya watse da dariya. Sistar da ke awon, wadda shi ya koya mata riƙe allura, ta rasa inda za ta sa kanta.

"Baba, don Allah, wannan sikelin jarirai ne."

"To, ita giwa ce?"

Dole ta auna. Mako na zagayowa ya koma, aka ce ta ƙaru, ya dawo gida yana taku ɗai-ɗai kamar shi ya haife ta.

Wake-wake ta warke sarai. Ta yi ƙiba har tana rangaji kamar agwagwa, ta yi ƙwai, ta ƙyanƙyashe. Amma duk Kirsimeti, duk Ista, har ranar sunan ɗana, in Malam Idi ya gama da zakaru sai ya kalle ta ta gefen ido.

"Dispensa, mutuniyar fa ta cika."

"Muna dai lura da ita tukuna."

Wata rana na tsokane shi, irin wasan jika da kaka. Na ce, "Tsoho, faɗi gaskiya, rowa ce kawai. Wace irin jinya ce shekara uku?"

Na ɗauka zai rama. Sai ya shiga shafa bayan Wake-wake.

"Rifkatu, kakarki a gabana ta rame. Ina duba idon gari kaf, nata ban duba ba sai da lokaci ya ƙure. Wannan dai na gani da wuri."

Tun daga ranar ban ƙara yi masa wannan wasan ba.

Da daminar bara ya rasu. Kun ga jama'ar da ta taru, daga Funtua, daga Mahuta, daga ko'ina, kowa da labarin yadda aka ja masa ido. Abinci ya yi kaɗan, aka ce a kama duk kazar da ke gidan. Ina ɗaki cikin mata na hango Wake-wake a hannun Malam Idi, fukafukai a haɗe. Na fito a guje, ko ɗankwali babu.

Kafin in isa, na ga ya ajiye wuƙar. Ya sa yatsa ya laluba ƙirjinta, ya ɗaga fiffike ya hura, daidai yadda aka koya masa. Sannan ya sake ta.

"Wannan ba a sallame ta ba."

"Malam, ai ta warke tuntuni!" in ji kawuna.

"Ni ba likita ba ne. Mai sallamar ya tafi, ni kuwa ban ji ya faɗa ba."

Ya goge ido da hannun riga, ya ce a miƙo kaza ta gaba.

Tana nan har yau. Ta tsufa, ta daina ƙwai, kwandon ma Mama ta haƙura ta bar mata. In na je gida nakan taɓa ƙirjinta, in kuma ja idon Mama in duba, tana faɗa ina dubawa.

Kaka, mun yi kewarka ƙwarai. Ubangijin da ko gwara ba ta faɗuwa ƙasa bai sani ba, ya riƙe ka yadda ka riƙe ramammu. Ya ba ka hutu kusa da Saratunka, mu kuma ya ba mu idon ganin namu da wuri. Amin.