Usta Ɗantani da Wutar Fim

Duk wanda ya taɓa kai tankin mota mai yoyo Mantiƙa Sinaiya, unguwar makanikai ta Khartum, a shekarun nan kafin yaƙi ya watsa kowa, da wuya bai tsaya a warshar Usta Ɗantani ba, wato shagon aikin gwanin mai waldar nan. Gajere ne, hannayensa duk tabon tartsatsi, in kana masa magana sai ya karkato da kunnen dama kamar mai sauraren gulma. Kakansa ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa da niyyar aikin hajji, ya yada zango a Sudan don ya ɗan huta, hutun da bai ƙare ba ke nan har jikoki. Ɗantani bai gaji gona ba, bai gaji allo ba. Walda ya koya, ya yi shekara arba'in yana liƙin tankunan fetur.

Kunnen hagu kuwa tun yana saurayi ya mutu. Wani abokin aikinsa ne ya ɗora wuta a kan tankin da aka juye fetur ɗinsa tas, tankin ya tashi da rufin warshar, shi abokin bai kai asibiti ba. Daga ranar Ɗantani ya riƙe karatu ɗaya, yana kuma maimaita shi ga wanda ya tambaya da wanda bai tambaya ba: cikakken tanki sai dai ya ci da wuta, wanda ake cewa babu komai a ciki shi ne mai kisa, don tururin yana nan kwance. Shi ya sa ba ya kusantar tanki da wuta sai ya wanke shi ya cika shi da ruwa.

Bayan rasuwar matarsa Rabi, gidan ya yi masa faɗi. Abu ɗaya ya rage masa a mako da yake ɗoki, wato Juma'a. In aka sauko masallaci sai ya hau mota ya haye gada zuwa Umdurman, gidan 'yar autarsa Mawahib da mijinta Salahuddin, mai sayar da yadi a kasuwa. A ci abinci, a kawo shayi, a kunna talabijin a falo. Akwai wata kujerar roba a kusurwa da kowa ya san tasa ce. A kanta kaɗai yake jin shi ma mai iyali ne.

To, matsalar ita ce fim suke kallo, irin na harbe-harbe da tseren motoci, shi kuwa Ɗantani Allah bai yi shi da iya ganin ƙarya ya kau da kai ba.

"Tsaya," in ji shi, ana tsakiyar tsere. "Tun safe mutumin nan yake gudu a mota. A ina ya sha banzin, ina ya samu fetur ɗin? Mu nan kwana biyu muke yi a layi."

"Baba, fim ne," in ji Mawahib.

"Na san fim ne. Harsashi nawa ne a bindigar nan? Na ƙirga sha tara, ban ga ya sake ɗuri ba."

Wannan duk mai sauƙi ne. Inda ransa yake ɓaci da gaske shi ne wurin fashewa. A harbi tankin mota cikakke da harsashi ɗaya, ta yi sama kamar an cilla ta, jarumin ya taho yana takama wuta na ci a bayansa, ko waiwaye babu. Sannan budurwarsa ta raɗa masa magana a kunne, wai kuma ya ji. Nan Ɗantani yake miƙewa tsaye.

"Ya ji? Da wane kunnen? Ni da nake taku goma daga tanki ɗaya, wata guda ina ganin bakin mutane yana motsi kawai."

Babu wanda ya taɓa ce masa ƙarya yake yi. Abin da ya fi ƙona masa rai ke nan. Da ma musu suke yi, da ya samu abin kamawa. Sai dai Salahuddin ya ƙara sautin talabijin, Mawahib ta rufe ido ta ja numfashi. Ya gwada yin shiru, Allah ya sani ya gwada. Ya taɓa sa ƙwallon dabino a baki tun farkon fim, amma da wata tankar mai ta fashe saboda an jefa mata guntun taba, sai da ya tofar da shi.

Wata Juma'a Salahuddin ya yi baƙi, 'yan kasuwa biyu abokan hulɗarsa. Ɗantani ya tsayar da fim sau huɗu. A na biyar ɗaya daga cikin baƙin ya yi dariya ya ce da Larabci a ba hajjin nan, wato Ɗantani, aikin shirya fim kowa ya huta. Bayan sun tafi Mawahib ta same shi a tsakar gida, ta tsaya ta damansa yadda ta saba tun tana yarinya.

"Baba, kalas, ya isa haka. Ka kunyata Salah gaban mutane. Ko dai ka zauna ka yi kallo kamar kowa, ko in riƙa kawo maka shayinka nan rakuba."

Maganar ta soke shi, don ba daga suruki ta fito ba, daga 'yar cikinsa ta fito. Kuma zuciya ba ta da shawara. Ya ɗaga yatsa ya ce wallahi tallahi ba zai ƙara buɗe baki a kan wuta ko fetur a cikin gidan nan ba. Da hannunsa ya ɗauko kujerar daga falo ya dasa ta a ƙarƙashin rakuba, rumfar nan ta tsakar gida.

Juma'a uku ya yi a wurin. Yana jiyo ƙarar fashewa ta taga da kunnensa ɗaya, yana jiyo dariyarsu, shayi yana hucewa a hannunsa. Ya so ya daina zuwa, amma in ya daina ina za shi? Ya so ya koma ciki, amma ba a ce masa ya dawo ba, shi kuma ba zai roƙa ba.

Juma'a ta huɗu saura kwana biyar Babbar Sallah. Wuta ta ɗauke tun rana, ba ta dawo ba sai bayan la'asar, don haka ba a fara fim da wuri ba. Salahuddin ya gangaro da wata ganga daga bayan ɗaki, barmil ɗin da yake tara fetur a ciki lokacin da layi ya yi tsanani. Ya aro saruk, injin yankan ƙarfe, daga maƙwabta. So yake ya raba gangar biyu a yi murhun gasa naman layya. Cikakkiyar jarka guda da ta rage kuwa, ya ɗauke ta da taka-tsantsan ya kai can ƙarshen gida, don ya sha gani a talabijin abin da cikakke yake yi. Ya ƙwanƙwasa gangar, ta amsa da ƙarar wofi. Mawahib tana tsugune taku uku daga wurin tana wanke kofuna.

Ɗantani ya ga murfin gangar a ɗaure. Ya tuna rantsuwarsa, ya tuna kuma yadda za a kalle shi in ya yi magana, a ce tsohon ya sake farawa. Tunanin bai kai ƙiftawar ido biyu ba. Salahuddin ya kunna injin, faifan ya fara kuka. Mutumin da gwiwa take hana shi hawa mota da sauri, sai ga shi ya tsallake tabarma ya fizge wayar daga bango.

"Ya ammi, baffa, me ya faru kuma?" in ji Salahuddin. "Fadi ne, babu komai ciki. Wata biyu ke nan da na juye shi."

Ɗantani ya kwance murfin, ya kama wuyan rigar surukinsa, abin da bai taɓa yi ba, ya kai hancinsa bakin gangar. Salahuddin ya ja da baya yana tari. Sai a lokacin bakin tsohon ya buɗe, rantsuwa ta karye, ya zazzage karatun shekara arba'in tun daga farko. Ya sa aka jawo tiyo, ya zuba omo, ya tsaya a kan gangar har ruwa ya cika ta ya tumbatsa. Ruwan ya malala a tsakar gida da wani maiƙo mai launi-launi a samansa, ya bi ta ƙarƙashin ƙafar Mawahib.

Salahuddin ya gyara wuyan rigarsa. Ba mugun mutum ba ne, kunya ce ta kama shi gaban matarsa. Ya yi 'yar dariya ya ce, "Malesh, ka yi haƙuri, ya ammi. Amma ka ga ai ba ta fashe ba."

Ɗantani ya dube shi. Shekara arba'in aikinsa ke nan, ya hana abu faruwa, kuma abin da bai faru ba ba shi da shaida. Ba a taɓa yin fim a kan gangar da aka cika da ruwa ba. Ya koma kujerarsa ya zauna, ga kaffarar rantsuwa a wuyansa, ga gwiwa tana zugi.

Mawahib ta daɗe tana kallon maiƙon nan a ƙasa. Ta auna tazarar da ke tsakanin gangar da inda take tsugune. Sannan ta zo ta tsaya ta hagunsa, ita da ta fi kowa sanin wane kunne ne mai ji. Ya ga leɓenta yana motsi, ya ga idonta ya kawo ruwa.

"Me kika ce?" Ya juyo mata da dama.

"Na ce tashi, Baba, zan ɗauki kujerar."

Ta shigar da ita falo ta ajiye a kusurwar da take da. Aka kunna fim. Ba a yi minti goma ba wata mota ta yi sama cikin wuta, jarumin ya taho yana takama. Salahuddin ya kai hannu zai ƙara sauti, Mawahib ta riga shi ɗaukar rimot, ta rage.

Ɗantani ya buɗe baki, ya dubi 'yarsa zaune lafiya da kofin shayi a hannu, kunnuwanta biyu suna ji. Ya mayar da bakin ya rufe, ya ce ta ƙara masa sukari.