Ramin Malam Isiyaku da Ramin Cikin Tabarau

Shekara goma sha ɗaya ke nan da ƙasa ta rufta wa mijina, Malam Isiyaku, a wani ramin haƙar ma'adinai da ke wani ƙauye gaba da garin Nasarawa. A ƙarshen damina ne, irin wannan lokaci da dawa ta fara sunkuyar da kai. Duk shekara in lokacin ya zagayo nakan soya waina in aika masallacin unguwarmu a Tudun Ƙofa, in yi masa addu'a, in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni, saboda wani abu da 'yarmu Zulai ta shigo da shi gida a cikin jakarta.

Malam ilimin duwatsu da ma'adinai ya karanta, shi kuma yake koyarwa a wata babbar makaranta. Ni malamar firamare ce, har gobe ina riƙe da alli. A zaman da muka yi ban taɓa wanke masa wando ban tsinci tsakuwa a aljihu ba. In muna tafiya a kan babur ya hango inda aka sare tudu aka fitar da hanya, sai ya tsaya, ya bar ni a rana, ya ɗauko dutse ya tofa masa yawu ya murza da babban yatsa yana murmushi, kamar ya gamu da tsohon aboki. Yakan ce ɗalibin da ya san dutse a kan allo kaɗai cinikin biri a sama ya yi. Shi ya sa kowace shekara yake kwasar ɗalibansa ya kai su inda ake haƙa. Doka ɗaya ya kafa musu: babu mai sauka rami sai shi ya fara sauka ya duba.

Abin da ya faru ranar, daga bakin Bulus na ji shi. Bulus ɗalibinsa ne a lokacin, ɗan wajen Akwanga, yana cikin waɗanda suka riƙe igiya. Ya ce Malam ya sauka da tocila, bai jima ba ya ɗago murya ya ce, "Kada kowa ya biyo ni, bangon nan ya sha ruwa. Ku ja ni." Sun fara ja ke nan gefen ramin ya zame gaba ɗaya. Ɗalibai da mahaƙa suka dinga tono da shebur da hannuwa, har farcen wasu ya cire. Da suka kai gare shi rai ya riga ya yi halinsa.

Ni kuwa ina aji ina koya wa yara jam'i da tilo, hedimasta ya zo ya tsaya a bakin ƙofa. Ya ce, "Malama, ɗauko mayafinki." Aka binne Malam bayan la'asar. Yayansa da ya yi masa wanka bai taɓa gaya min yadda ya same shi ba, ni ma ban tambaya ba. Amma na ga ruwan da ya biyo ta magudanar tsakar gida, jawur da laka.

Zulai tana da shekara takwas a lokacin. Da ta gama sakandare ta ce abin da mahaifinta ya karanta shi za ta karanta. Na yi faɗa, na yi kuka, na haɗa ta da baffanta, shi ma a ƙarshe bayanta ya bi, ya ce min barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na haƙura, amma sai da ta yi min alkawari ƙafarta ba za ta taɓa shiga rami ba. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani gudu yake.

A watan jiya ne ta dawo hutun ƙarshen mako tana ta rawar jiki. Ta fara ɗauko wani dutse cikin waɗanda mahaifinta ya bari a kan taga, ta saita shi da wayarta. Sai ga dutsen a fuskar wayar, sunansa ya fito a samansa, ya dare biyu yana nuna abin da ke cikinsa, alhali ga shi nan lafiya lau a tafin hannunta. Sannan ta zaro wani abu mai kama da ƙaton tabarau mai maɗauri. Ta ce malaminsu ne ya samo wa sashensu, ɗalibai na karɓa bi da bi. Malamin nan kuwa Bulus ne, wanda yanzu ya zama Dakta.

"Umma, da wannan sai in shiga rami ina zaune a falo," in ji ta. "Kin ga ban karya alkawari ba."

Ta ɗaura min. Falona ya ɓace. Na tsinci kaina a cikin wata doguwar hanya a ƙarƙashin ƙasa, fitilu jere, an tokare rufin da katakai. In na waiwaya dama ramin ya bi ni, in na ɗaga kai in ga dutse dab da goshina. Wata murya tana bayani da Turanci, tana nuna tsaga a bango, tana cewa ga wadda ba ta da haɗari, ga wadda in ka gani ka fita da gudu. Na miƙa hannu in taɓa, sai na dafa kujerata.

Na tambayi Zulai ko akwai darasin da ramin yake ruftawa. Ta ce akwai, amma ba za ta sa min ba. Na ce sai ta sa. Shekara da shekaru ina so in san abin da idon Malam ya gani a ƙarshe, babu kuma mai iya gaya min.

Ta sa. Tsakuwa ta fara zubowa kaɗan-kaɗan. Wani katako ya yi ƙara. Daga nan bangon ya taho gaba ɗaya, haske ya ɗauke, na saki salati da ƙarfi. Ina cikin duhun nan sai rubutu ya bayyana, muryar nan ta ce cikin ladabi wai na yi kuskure, in sake gwadawa. Na cire abin daga fuskata. Fanka tana juyawa, miyata tana tafasa a kicin, babu ko ƙwayar yashi a jikina. Zulai ta durƙusa ta riƙe ƙafafuna tana kuka tana ba ni haƙuri, ni kuwa hawayen ma ya ƙi zuwa. Abin da na gani na ɗan lokaci ne, kuma ina numfashi. Malam kuwa nasa da nauyi ya zo, kuma ba wanda ya ce masa ya sake gwadawa.

Bayan kwana biyu Dakta Bulus ya zo gaishe ni, don Zulai ta gaya masa. Bai taɓa yanke zumunci da mu ba, kowace sallah yana tafe da buhun doya. Ya zauna a bakin kujera yana murza hularsa, ya ce da Hausarsa ta mutanen Akwanga, "Mama, tun ranar nan ban sake kai yara bakin rami hankalina a kwance ba. Igiyar nan har yau ina jin ta a hannuna. Gara su mutu sau goma a cikin wannan abu da ɗaya ya mutu a gabana." Na ce masa ya yi daidai, Allah ya saka masa. Sai ya ƙara da abin da ke damunsa. Ya ce in ramin ya rufta wa ɗalibi a cikin tabarau, sauran dariya suke yi, har gasa suke wa zai fi daɗewa kafin ƙasa ta danne shi. Yana tsoron wanda ya saba mutuwa yana tashi, tsoron rami zai fita daga ransa.

Tun daga ranar nake tambayar kaina, da Malam yana raye me zai ce da wannan na'ura? Na san shi, da farko murna zai yi kamar yaron da aka saya wa keke. Zai hana kowa taɓawa, ya wuni yana jujjuya kai a tsakar gida har tuwonsa ya huce. Mutumin da ya sha zana yadda cikin ƙasa yake da alli yana haƙilon ɗalibai su gane, ba zai raina abin da zai kai su can su gani da idonsu ba. Gani ya kori ji. Ina kuma da yaƙinin da a ce akwai irinsa a zamaninsa, da wataƙila bai kwashi yara a ƙarshen damina ba, da ya bari ƙasa ta tsane.

Amma na san bayan murnar zai fara mita. Zai ce wannan ramin ba shi da wari, ba shi da sanyi, ba ka jin laka tana cin yatsun ƙafarka. Zai ce ramin cikin tabarau na ƙasashen da ake tokare rufi da katako ne a kunna fitila, namu kuwa rijiya ce kawai da igiya da bokiti. Tambayar da za ta fi hana shi sakat kuwa ita ce: su wa ke ɗaura tabaran, su wa kuma ke shiga ramin? Domin ba mutane ɗaya ba ne. Masu ɗaurawa ɗalibai ne da za su fito su sa hular kwano su tsaya daga sama. Masu shiga ba su taɓa ganinsa ba, muryar da ke ciki ma ba yarensu take yi ba.

A shekarun nan da aka gano farin dutsen da ake yin batir da shi, samari da magidanta sun yi ta barin gari suna tafiya haƙa. Akwai Sale, mijin wata ƙawata a unguwar Yara, ɗan acaɓa ne mai 'ya'ya huɗu. Da mai ya yi tsada, fasinja suka koma tafiyar ƙafa, ya jingine babur ya bi abokansa. A daminar bara rami ya rufta musu. Da na je gaisuwa na tarar da matarsa zaune yadda na taɓa zama, mata na ta ce mata ta yi haƙuri, tana kallonsu kamar ba ta jin Hausa. Ta ce min Sale ya san ramin ba shi da kyau, shi da bakinsa ya faɗa mata. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Babu manhajar da za ta koya wa Sale abin da bai sani ba. Abin da ya rasa shi ne abin da zai sa a tukunya in ya ƙi sauka.

Kada a ɗauka ina sukar na'urar ne. Ni malama ce, na san wahalar koya wa yaro abin da bai taɓa gani ba. Da zan samu irinta a ajina da na kai yarana bakin teku, na nuna musu yadda zuciya ke bugawa. Ina dai faɗin iyakarta ne kamar yadda na gan ta.

A makon jiya aka kai ajin su Zulai ganin wurin haƙa na zahiri, don Dakta Bulus ya ce komai kyan tabarau ba zai ba mutum takardar shaida bai taɓa taka wurin ba. Ya yi min rantsuwa daga nesa za su tsaya. Na yarda, na wuni a aji ina rubutu a allo ban san me nake rubutawa ba. Ta dawo da yamma, takalmanta duk jar ƙasa, ta zauna a kan tabarma ba ta cire mayafi ba. Ta ce ta ga tsaga a bakin wani rami, irin wadda aka nuna musu a ce a gudu. Ta je ta sami shugaban mahaƙan ta yi masa bayani. Ya saurare ta da mutunci, sannan ya ce, "'Yata, mun gani. In mun jira ta gyaru, wa zai ciyar da mu?" Tana tsaye suka ɗaura igiya suka sauka ɗaya bayan ɗaya. Har motarsu ta tashi ba su fito ba, ba ta kuma san yadda suka ƙare ba.

Na zuba mata abinci ta ture. Can ta ce, "Umma, ƙauyen nan ne fa. Dakta bai so in sani ba, wani tsoho ne ya gane ni da kamanni. Ramin da suka sauka ɗin, ramin Baba ne. Sun sake buɗe shi."

Na daɗe ina zaton ramin nan an bar shi, ciyawa ta rufe, mutane na kauce masa in sun zo wucewa. Da wannan zaton nake samun barci. Ashe dutsen da ake nema yanzu yana ƙarƙashin inda ya kwanta.

To, me ya rage na Malam Isiyaku bayan shekara goma sha ɗaya? Mutuwarsa ba ta rufe ko rami ɗaya ba, har wanda ya ci shi. Ba ta canja komai a yadda ake haƙa ba, kuma ba zan yaudari kaina in ce ta canja ba. Abin da ya rage mutane ne. Ɗaliban da suka tsaya a sama ranar duk sun koma gidajen iyayensu da ƙafafunsu, yau wasunsu na da iyali, wani lokacin nakan gamu da ɗaya a kasuwa ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce wa ɗansa, "Gai da kakarka." Sai kuma yarinyar da ta ga haɗari ta kasa yin shiru, ko da ta san ba za a ji ba. Wannan halinsa ne sak, kuma shi nake tsoro a jikinta fiye da komai.

Allah ya jiƙan Malam, ya sa kabarinsa ya fi masa ramin nan yalwa. Waɗanda kuma suke ƙarƙashin ƙasa a daidai lokacin da kake karanta wannan, Allah ya fito da su.