Zuwa ɗauko Baba daga bayan Gidan Sori

Mun tashi da asuba daga Gazawa, ni da ƙanwata, da niyyar ɗauko Baba, wan mahaifinmu, ya dawo hannunmu. Tsoho ne, tsohon mai wa'azi a wata 'yar majami'ar ƙauye. Matarsa ta rasu bara, idonsa ya tafi, ga gyambo a ƙafa. Har ɗaki mun share masa kafin mu fito.

Lokacin kaka ne. Daga Agye har Maradi amalanken jakuna ne jere a bakin titi, kowane da dammunan hatsi. Jandarma sun tsai da mu sau biyu, suka duba takardu, suka leƙa akuyar da ke ƙarƙashin kujerata a motar haya, wadda ta riga ta cinye mini igiyar takalmi. A tashar Tibiri muka karya da ƙosai da kunu, na dala arba'in ya ishe mu. Daga nan sai kabu-kabu. Yashin hanyar Gidan Sori ya sa muka sauka muka tura babur har sau uku, mai babur ɗin yana ta ba mu haƙuri kamar shi ya zuba yashin.

Hantsi ya dubi ludayi muka isa. Mun iske Baba a gindin bedi, wato dogon yaro, yana tufkar igiya da lalube, ƙafarsa a kan cinyar wani dattijo mai carbi a wuya. Maƙwabcinsa ne, ladanin garin. Ashe kullum in ya fito masallaci shi ke wanke gyambon da ruwan gishiri, matarsa kuma ta aiko da fura. Da ya ji ko su wane ne mu, sai ya miƙo mini tsumman ya ce, "To, yau ɗa ya zo."

Na karɓa, amma da warin ya buge ni sai na kau da kai. Baba bai gani ba, ya dai ji hannuna ya tsaya.

"Wanke, ɗana," in ji shi. "Wanda muke bauta wa ma ya yi ƙafa irin wagga. Ya taka ƙasa, ya yi faso, ya ji yunwa, ya gaji ya zauna bakin rijiya. Allah bai ji ƙyamar jikin mutum ba da ya shigo cikinsa, kai ne za ka ji?"

Na wanke, na ɗaure, kunya ta hana ni ɗaga kai.

Bayan mun ci tuwo da miyar kuka, ƙanwata ta faɗa masa abin da ya kawo mu. Ya ce ba ya zuwa. Ya ce mutum bakwai suka rage a majami'ar, kuma ran Lahadi nan gindin bedin suke taruwa. Ya ce shekara talatin Yesu ya yi a ƙauye yana sassaƙa, ba wanda ya san da shi sai maƙwabta, don haka shi bai ga abin da zai je nema a birni ba. Ƙanwata ta yi kuka, ta yi faɗa, ta sake kuka. Sai da muka miƙe ladan ya ce in ciwon ya ƙi, shi da kansa zai sa shi a amalanke ya kai shi likita a Gidan Rumji.

Muka bar magunguna, muka yi alkawarin zuwa kowane wata, ni da ita bi da bi. Baba ya ba ni igiya biyu cikin waɗanda ya tufka.

Mun shigo Gazawa ana kiran magariba. Tun ina yaro nake jin cewa Allah ya zama mutum ya zauna tare da mu, ina kuma faɗa da bakina kowace Kirsimeti. Ban taɓa tunanin har da wankin gyambo a ciki ba, sai a wannan tafiya. Wata mai zuwa ni ke da zuwa, na riga na sayi gishiri da bandeji.