Allon da Aka Yi wa Koci Hruska

Shekara ɗaya tak Delbert Hruska ya zo yi a Paloma Wells, can yammacin Texas. Yau shekara talatin da tara ke nan. Da farko matarsa Nadine ko labule ba ta rataya ba, wai na mene ne, tunda tafiya za su yi.

Makarantar garin ba ta taɓa tara samari sha ɗaya ba, don haka ƙwallon Amurka na mutum shida-shida ake bugawa, wanda ake tashi da zarar an ba ka ratar maki arba'in da biyar. Delbert ne koci, shi ne direban bas, shi ke ja wa fili farin layi. Sunansa ma ya ɓace, har fasto Koci yake ce masa.

Kowace shekara sai ya ce daga wannan ya gama. Sai wani tsohon ɗan wasansa ya tare shi a gidan mai: "Haba Koci, ɗana saura shekara biyu. Ni ka zage ni, shi ba za ka zage shi ba?" Kuma kowa ya sani, in babu koci babu ƙungiya, iyaye su kwashe 'ya'yansu, a rufe makaranta. Ya gaji iya gajiya, amma bakinsa bai iya a'a ba.

Bana 'yarsu ta haihu a can birnin Corpus Christi, ta gyara musu ɗaki. Nadine ta ce, "Disamba zan tafi, Del. Da kai ko ba kai."

Sai ga mafita: wasa goma, kashi goma, bakwai tun hutun rabin lokaci aka tashe su. Kocin da ya yi haka ai korarsa ake yi. Ranar da hukumar makaranta ta kira shi, bawan Allah har kwat ɗin zuwa coci ya saka, yana tuƙi yana fito.

Shugaban hukumar, Wade Pruitt, shi ma tsohon ɗan wasansa ne.

"Koci, bana mun sha kashi."

"Na sani, Wade. Yi abin da ya kamata, ba zan riƙe ka a zuciya ba."

"Ai mun riga mun yi."

Wade ya yaye zane daga kan wani ƙaton allon ƙarfe: FILIN KOCI HRUSKA.

"Da wani garin ne da sun kore ka. Mu ba butulu ba ne. Nan za ka mutu, tsoho, mu binne ka a tsakiyar fili!"

Aka kwashe da dariya, aka tafa. Delbert ya buɗe baki, sai ya ji kansa yana cewa na gode.

A ƙofar gida ya tarar da Nadine ta gama loda mota.

"Sun sallame ka?"

"Sun sa wa filin sunana."

Ta dube shi. Sannan ta buɗe bayan mota, ta sauke jakarsa, ta ajiye a bakin ƙofa.

"Akwai wake a firij," in ji ta. "Labulen ma na bar maka."