Kawu Badamasi a Zangon Hada

Kawu Badamasi yayan mahaifiyata ne. Ya zo aikin hajji daga Damagaram tun kafin a haife ni, bai koma ba. Ba shi da iƙama, takardar izinin zama, kuma bai taɓa damuwa da ita ba. Sana'arsa tura keken tsofaffi wurin ɗawafi, kwanansa a Nakkasa, har aka rushe unguwarsu ya dawo wajenmu a Mansur. Matarsa Hadijatu a Makka aka binne ta, shi ma abin da yake roƙo kullum ke nan: a yi masa salla a Harami, a sa shi a ƙasar da ta karɓe ta. Saboda haka bai taɓa wuce iyakar gari ba, ko Jidda bai sani ba.

Da na gama jami'a, mijin yayata, Hassan, ya aro karafan a wurin maigidansa, irin motar nan mai gado da murhu da banɗaki a ciki. Ya ce mu hau dutsen Hada mu sha iska, mu kwana, mu dawo. Na ce ban da Kawu ba ni zuwa.

"Mujahida, ni da mota mai ɗaki?" in ji shi. "Idan na yi barci na farka a Yaman fa?"

Muka yi ta dariya, muka yi ta lallashi, har ya ɗauko butar shayinsa.

A hanyar fita babu wanda ya tsayar da mu. Mu da aka haifa a Makka ba mu taɓa ɗaukar shigarta wani abu da ake neman izini ba. Gida ne, ana komawa. Ko lissafin cewa Shawwal ya ƙare, hajji ya matso, ba mu yi ba.

Zangon yana bakin hanya, fili ne da aka shata wa motoci irin tamu, kowace da famfonta da wurin jona wuta. Hazo na sauka kafin magariba. Kawu ya ƙi murhun motar, ya hura gawayi a waje, ya lulluɓa da bargon Hassan.

"Rabona da jin sanyi irin wannan tun ina saurayi," ya ce. "Ashe akwai shi nan kusa, kuka ɓoye mini."

Ya kai wa maƙwabtanmu shayi, ya koya wa 'ya'yansu yadda ake ɗaga buta sama har kumfa ta tashi. Ban taɓa ganinsa yana surutu haka ba.

Da safe ina wanke kofuna, matar maƙwabcin, Nora, ta tambaye ni ina muka nufa. Na ce gida, Makka.

"To ku shirya takardunku," ta ce. "Tun jiya aka kafa shingen hajji. Kowa sai ya nuna iƙamar Makka ko izini, har cikin mota suke dubawa."

Kofin ya suɓuce mini. Ni da Hassan muna da tamu. Kawu kuwa ko katin asibiti ba shi da shi.

Hassan ya zagaya motar, ya dawo ya ce, "Kawu, banɗakin nan yana kulluwa ta ciki. Ka shiga, mu ce ya lalace."

Kawu ya dube shi.

"Da harami a jikina na shiga garin nan, ina labbaika. Yanzu da furfurata ka ce in shige shi a masai? Kuma in an kama ka, yaranka fa? A'a. Ku tafi. Hajji wata nawa ne? Ina nan."

Na yi kuka, na ce ni ma zan zauna. Ya ce in daina shirme, uwata tana jira. Mai gadin zangon, wani Basudane, ya yarda ya ba shi katifa a ɗakinsa, ya riƙa taya shi shara da jona wa baƙi ruwa. Da muka tashi, yana tsaye da tsintsiya, yana ɗaga mana ita.

A shingen, jami'in ya leƙa ko'ina, har banɗakin ya buɗe.

Muna zuwa duk Juma'a da tuwo da magani. Ana saura kaɗan a hau Arfa aka zo binciken ma'aikata a zangon, aka tafi da shi. Daga nan sai gidan tsare waɗanda za a mayar ƙasashensu, aka ɗauki hoton yatsunsa, aka sa shi a jirgi. Har yau idan na ga shinge a hanya sai na laluba iƙamata, ko ba ni nake tuƙi ba.

Yanzu yana Damagaram, gidan wani ɗan ƙanensa da bai taɓa gani ba sai bana. Yara suna yi masa dariya don rabin maganarsa Larabci ne. Shekaranjiya ya kira ni. Ya tambayi mahaifiyata, ya tambayi ko na sami aiki. Sannan ya ce ya sa an kai shi ya ga maƙabartar unguwar.

"Yaya take, Kawu?"



"Akwai itatuwa," ya ce. "Ba laifi."