Masarar Aji Ɗaya

Shekarar da na fara koyar da aji ɗaya a wata ƙaramar makaranta a Jushi, ba abin da ya tsaya mini a wuya kamar ƙararrawa. Wani tsohon ƙarfen tayar mota ne aka rataye a jikin mangwaro, duk bayan rabin awa sai a kwaɗa shi. Yara sun fara gane ƙirga ke nan sai ƙarfe ya ce a rufe lissafi a buɗe Turanci. Kafin su nemo littafin a jaka, an sake kwaɗawa. Ni kuwa Allah ya yi ni da rashin haƙuri a kan abin da ban ga amfaninsa ba, bakina kuma ba ya iya riƙe magana.

Mai makarantar tsohuwar malama ce 'yar kudancin Kaduna, ta yi ritaya ta buɗe nata wurin. Kowa Mama yake ce mata, har iyayen yaran. Da aka yi dogon hutu na je mata da wani babban kwali da na kwashe sati biyu ina zanawa. Na zana shekara a da'ira, na raba ta gida uku, zango-zango, na rubuta kalma ɗaya a tsakiya: masara. Na ce a bar ni in koyar da komai ta cikinta, lissafi da karatu da zane da kimiyya da waƙa, ƙararrawa ta yi ta bugawa don sauran azuzuwa. Zango na ɗaya mu shuka, na biyu mu yi raino, na uku mu girbe mu ci.

Mama ta sa tabarau ta daɗe tana kallon kwalin. Ta tambaya ko duk abin da ke cikin manhaja yana ciki, na nuna mata ɗaya bayan ɗaya. Na ga bakinta ya motsa kamar za ta ce wani abu, sai ta fasa.

“Shekara ɗaya na ba ki, Malama,” in ji ta. “In watan Yuli ya zo ban gamsu ba, ki koma bin ƙarfe kamar kowa, kuma kada in sake jin zancen.”

Na fito kaina na rawa. Har na hau bas ɗin Samaru ina rungume da kwalin, ina harara duk wanda ya matse shi.

Muka koma makaranta a watan Satumba. Akwai wani ɗan fili bayan ajinmu, tsakanin katanga da tankin ruwa, muka yi kunya shida. Kowane yaro ya ƙirga ƙwaya uku ya jefa a rami, wannan shi ne lissafin ranar. Bayan kwana biyar ta tsiro, yara suka yi ta tsalle. Ta kai musu gwiwa, ni kuma na fara tafiya a makarantar kamar wadda ta gina ta. Sai ruwan sama ya ɗauke a tsakiyar Oktoba, kamar yadda yake ɗaukewa kowace shekara tun kafin a haife ni.

Ganyen ya fara nannaɗewa. Yara suka koma juye mata ruwan gorarsu, su wuni da ƙishi, har wata uwa ta zo tambayar dalilin da ɗanta yake dawowa gida yana shan ruwa kamar raƙumi. Ruwan tankin kuwa da ƙyar yake isar makaranta. Cikin sati uku gonarmu ta zama karmami. Kullum Mama sai ta bi ta wurin, hannu a baya, ta kalla ta wuce ba ta ce komai ba. Wannan shirun ya fi mini zagi ciwo. Kunya ta ishe ni, tsoro kuma ya kama ni, don na ga ƙarfen mangwaro yana jira na.

Wata Asabar na shimfiɗa kwalin a tsakar gidanmu a Samaru ina neman inda zan yi masa kwaskwarima. Babana yana gefe yana gyaran rediyo. Shekara talatin ya yi yana aikin lebura a gonakin gwaji na Samaru, bokonsa bai wuce rubuta sunansa ba. Ya ce in karanta masa abin da na rubuta a kowane gida. Ina kaiwa kan shuka a watan Satumba ya ajiye rediyon, ya yi dariya har da tari. Ya ce a ce 'yarsa, wadda ta girma gonaki sun zagaye ta gabas da yamma, ita ce ta shuka masara damina na bankwana. Ya ce kada in bari abokansa su ji, ba zai iya zama a majalisa ba.

Na fara kare kaina, na ce ai komai daga shuka yake farawa. Bai yi gardama ba. Ya sa yatsa a bakin kwalin ya juya shi a kan tabarma, har gidan girbi ya dawo inda na sa farkon shekara.

“Ku 'yan makaranta da kaka kuke shigowa,” ya ce. “To ku fara da abin da kuka tarar.”

Na zauna ina kallon kwalin. Ba sai na zana sabo ba, juyi yake buƙata da ɗan gyara.

Ranar Litinin Baba ya sa aka ɗora mini buhun busasshiyar masara ta gonarsa a Keke Napep. Da ita muka ƙarasa zangon. Muka ƙirga layukan ƙwaya a jikin kowace, yara suka gano da kansu cewa biyu-biyu layukan suke tafiya, abin da ni ma ban sani ba. Muka gurza, muka yi motoci da totuwa, muka yi 'yar tsana da ɓawo. Ajin nawa kuwa Sabon Gari ne a dunƙule, ba ƙabilar da babu, don haka masara ta samu suna huɗu a kan allo, na Hausa da na Ibo da na Yarbanci da na Turanci, kowa yana gyara wa ɗan'uwansa baki. Busassun karan gonarmu ma ba su tafi a banza ba, a kansu muka yi darasin abin da shuka take buƙata. Yara suka yanke hukunci cewa laifin Anti ne, wato ni, na kuma amsa.

Zango na biyu na rani ne, sai muka bi masara zuwa inda take zuwa da rani. Muka jera biyu-biyu muka shiga kasuwar Sabon Gari, wata mai awo ta bar su suka gwada gwangwani nawa ke cika mudu. Muka tsaya a wurin mai injin niƙa, suka toshe kunne suna dariya, suka fito gira duk gari. Da muka dawo aka yi musu mai zafi a kan ko abin da ake damawa da safe koko ne ko akamu, har sai da aka dama aka sha kafin a yi sulhu. Jimlar farko da da yawansu suka rubuta da hannunsu a kan wannan kofin kokon ce.

Da ruwa ya zauna a ƙarshen Mayu muka sake shuka, wannan karon da izinin Baba. Kowane yaro yana da sandarsa ta awo, duk Juma'a a tsaga alama. Masara ta wuce gwiwa, ta wuce kafaɗa, ta wuce ni. A tsakiyar Yuli ta fitar da gemu, goyon ya fara kumbura, amma bai nuna ba. Saura sati ɗaya a yi hutu, kuma a satin nan Mama za ta yanke hukunci.

Ta zo ranar Laraba, ta sa yara suka yi karatu, ta ba su lissafi a allo, fuskarta ba ta nuna komai ba. Daga nan ta ce a kai ta gona. Muna tsaye sai wata yarinya, 'yar wani makanike a Chikaji, wadda ta fi kowa lissafi a ajin, ta fara ƙirga da yatsu. Ta gama ta ɗago ido cike da hawaye. Ta ce masarar ba za ta nuna ba sai an yi hutu, in an dawo kuma su 'yan aji biyu ne, to wa zai ci?

Ban shirya wa wannan tambaya ba. Babu ita a kwalina. Na ce a raina shi ke nan, ga kuskure na biyu ya fito fili a gaban Mama.

Mama ta tambayi yarinyar masarar wa suka gurza a farkon shekara. Ta ce ta baban Anti. Ta tambaye ta ko su suka shuka ta, ta ce a'a. Yarinyar ta kalli gonar, ta share hanci ta ce to a bar wa sababbin 'yan aji ɗaya, amma su za su nuna musu yadda ake ƙirga layukan, kuma a gasa musu ɗaya-ɗaya. Aji ya amince da sharaɗin gashin.

Da yara suka koma ciki, Mama ta gaya mini cewa tun ranar da na kai mata kwalin ta ga kuskuren, ita da ta tashi da fartanya a hannu. Ta yi shiru ne don ta san da ta faɗa, da na yi mata gardama har magariba. Ban musa ba. Na dake na tambaye ta hukuncinta.

Ta kama goyo ɗaya ta ɗan matsa shi.

“Wane hukunci kuma, Malama? An riga an yi wa yaran da ba su zo ba alkawarin girbi. Ki je ki gaishe da Baba, ki ce masa ina son kwali na aji biyu, amma shi zai fara dubawa.”