Faifan Inna a Siton Tattasai

Wata Talata ce, ranar kasuwar Diffa, a shekarar da kogin Komadugu ya cika ya shanye gonar tattasan Baba kaf. Na taso daga lakwal, wato makarantar boko, na biya siton Alhaji Mamman, wani ɗan kasuwa Badamagare, inda Inna take aikin tsintar busasshen tattasai. Mata na zaune a kan tabarmi, kowace da faifanta, suna ware jajayen daga waɗanda suka yi baƙi, ƙura ta turnuƙe, atishawa kamar ana gasa. Inna ta yi wata mai ƙarfi, ta yi wuf ta dafe mararta da hannu biyu. Ya Falmata, wata tsohuwa 'yar Gagamari da ke gefenta, ta dube ta sama da ƙasa, ta kira ta da sunana ta ce, "Uwar Zara, wannan mayafin naki ya kusa gajiya da rufa miki asiri." Mata suka kwashe da dariya. Inna ko murmushi ba ta yi ba, ni kuwa sai a ranar na gane za a yi mini ƙani.

Tsoron Inna ba na banza ba ne. A siton nan ba a san konje ba, wato hutun haihuwa. Wadda ta yi fashin 'yan kwanaki sai ta tarar da wata a gurbinta, ga mata kullum a bakin ƙofa suna jiran a ce su shigo. Mai jego kuwa sai ta yi arba'in tana wanka kafin ta leƙa waje, kuma a shekarar nan da faifan Inna muke ɗora tukunya. Sai ta shiga shiri ba tare da ta gaya wa kowa ba. Ta yanka kuɓewa ta shanya, ta ƙyafe kifi, ta roƙi uwar adashi a mayar mata da kwasarta watan haihuwa, ta sayi akuya mai ciki, muna tsokanarta cewa za mu ga wadda za ta riga haihuwa. Ni aka ɗora wa yankan ciyawa a bakin gulbi, ƙawayena na carafke ina jan buhu ina ƙunƙuni. Wallahi na tsani akuyar nan.

Akuyar ce ta riga. Da Inna ta sauka, Ya Falmata ta zo barka, ta ce in ɗauko faifan in biyo ta. Ta ajiye shi a gurbin Inna ta ce, "Kullum kafin lakwal ki kawo shi, da la'asar ki ɗauka." Ashe haka suke yi. Duk wadda ta gama nata sai ta matsa ta tsince kaɗan a faifan mai jego, har buhunta ya cika, abin da aka biya a ƙulle a bakin zane a kai mata gida.

Duk da haka, ranar da Inna ta fita arba'in ta goya jaririn, Bukar, muka nufi sito. Muka ci karo da Alhaji a ƙofa. Ta durƙusa ta fara ba shi haƙuri, ya katse ta: "Uwar Zara, ina kika je ne? Ni dai kullum na shigo ina ganin faifanki yana aiki. Ki shimfiɗa wa yaron nan a inuwa can baya, kar ya shaƙi yaji." Inna ta zauna a gurbinta hawaye na zuba, wai ƙurar ce. Ni kam daɗi ya sa na yi ta tsalle har aka kore ni waje.

Yanzu ina koyarwa a lakwal. Da na yi cikin fari aka ba ni konje, albashina bai tsaya ba, ban kwana da fargaba ko sau ɗaya ba, alhamdu lillahi. Amma Ya Falmata ta rasu, matan sito sun warwatse, kuma ina kewarsu ƙwarai. Takardar konje ta tsare mini gurbina, amma ba ta zo mini barka ba.